Darasin Kimiyya: Jikin Bakteriya Da Abin Da Ya Haɗa Shi Da Fata

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sharaɗa ko ta Challawa a Kano bayan Babbar Salla, ya ga motoci shaƙe da fatun layya ana kai su kamfanonin jima. Wasu daga ƙauyukan Kano suke fitowa, wasu tun daga Katsina ko Sakkwato ko Maraɗi. Kowane dillalin fata ya san abu guda: in ba a barbaɗa wa fata gishiri ba, ko ba a shanya ta yadda ya kamata ba, kwana ɗaya ya isa ta fara wari. In ka kama gashin ka ja, sai ya biyo hannunka. Irin wannan fata in an kai ta, sai a karya mata kuɗi, ko ma a ce a koma da ita.

Mutane kan ce zafi ne ya ɓata ta. A'a, zafi taimakawa kawai ya yi. Mai ɓarnar wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, wadda masana suke kira bakteriya. Mu kan ce mata ƙwayar cuta, amma sunan bai yi mata adalci ba, domin mafi yawansu ba sa jawo ciwon komai. Su ne ke mai da madara ta zama nono, su ne ke mai da kalwa ta zama daddawa, su ne ke sa gasara tsami. Har a marinar Ƙofar Mata, su ne ke aiki a cikin karofi kafin baba ya kama zane. A darasin wannan wata za mu shiga cikin jikin wannan halitta mu ga yadda aka gina ta. Wanda ya san ginin, shi zai gane dalilin gishiri, da dalilin tafasa ruwa, da dalilin da ya sa aka hana feɗe mushe.

Ƙanƙantarta da yawanta

Ɗauki rula irin ta 'yan makaranta. Tsakanin ƙananan zane biyu da ke jikinta shi ne milimita ɗaya. To, in aka jera bakteriya kai da gindi, sai an jera wajen 500 zuwa 1,000 kafin su cika wannan ɗan tsakani. Wasu dunƙulallu ne kamar ƙwayar gero, wasu dogaye kamar guntun kara, wasu a lanƙwashe kamar lauje, wasu kuma a murɗe.

Wanda ya fara ganinsu ba likita ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Ya iya goge gilashi ya yi ɗan madubi mai ƙara girman abu. A shekarar 1676 ya gan su a cikin ruwa, a 1683 kuma ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, ya ga suna ta motsi. Sai bayan wajen shekara 200 aka tabbatar cewa waɗansunsu suna jawo cuta.

Bakteriya ba ta aure ba ta haihuwa. In ta ci ta ƙoshi, sai ta yi tsawo, ta tsinke a tsakiya ta zama biyu. Wasu iri, in sun sami abinci da laima da ɗumi, cikin minti 20 suke yin haka. Bari mu yi lissafi. Guda ɗaya, bayan awa ɗaya ta zama 8. Bayan awa biyu, 64. Bayan awa uku, 512. In aka kai awa bakwai, sun haura miliyan biyu. Ɗanyar fata kuwa fiye da rabinta ruwa ne, ga jini, ga kitse, ga guntayen nama, ga zafin Kano. Kuma ba da guda ɗaya ake farawa ba, domin tun dabbar tana da rai akwai dubbai a gashinta. Ka ga ke nan fatar da aka feɗe da hantsi aka nannaɗe aka jefa bayan ɗaki, kafin magariba an yi nisa da cinta.

Katanga da masu gadi

Tun da a Sharaɗa muke, bari mu kwatanta bakteriya da kamfani. Kowane kamfani yana da katanga, da ƙofa mai masu gadi, da injina, da takardun da ke faɗin yadda za a yi aiki. Bakteriya tana da duk waɗannan, a cikin ɗaki guda tak.

Daga waje akwai bango. Saƙa ce mai ƙarfi kamar raga, wadda ta kewaye jikin duka. Cikin bakteriya a cike yake tam, ruwa yana ta turowa waje kamar iska a cikin tayar keke. Ba don bangon nan ba, da ta kumbura ta fashe. Shi ne kuma ya ba kowace iri siffarta.

A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya gano wata dabarar rini. In aka rina bakteriya da wani rini mai launin shunayya, sa'an nan aka wanke, wasu sukan riƙe rinin, wasu kuma ya zube. Masu riƙewa su ne masu bango mai kauri. Waɗanda rinin ke zubewa bangonsu siriri ne, amma suna da wata ƙarin fata daga waje, wadda ke hana waɗansu magunguna shiga. Ƙwayoyin kwalara da taifot da sanƙarau suna cikin wannan kashi na biyu. Har yau ana wannan rini a ɗakunan gwaji na asibitoci. Saboda haka in likita ya ce a kai majina ko fitsari ko ruwan ƙashin baya a gwada, ba ɓata lokaci ba ne. So yake ya san irin katangar da zai fasa.

Ƙwayar tarin fuka ita kuma bangonta shafe yake da wani abu kamar kakin zuma. Magani ba ya ratsa shi da sauƙi, ga shi tana girma a hankali ƙwarai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake shan maganin tarin fuka har wata shida.

A nan ne kuma sirrin fenisilin yake, maganin da Alexander Fleming ya gano a birnin Landan a 1928. Fenisilin ba ya ƙona bakteriya, ba ya shaƙe ta. Hana ta gina bango yake yi. Duk lokacin da za ta rabu biyu dole ta yi sabon gini, in ginin ya ƙi tsayawa sai ta fashe. Ƙwayoyin jikin ɗan Adam kuwa ba su da irin wannan bango, shi ya sa maganin yake wuce su ya sami abokin gaba.

A ƙarƙashin bango akwai wani tantani mai laushi, siriri ƙwarai, wanda aka yi da maiƙo. Bango ƙarfi ne da shi, amma ba ya tantance mai shiga da mai fita. Tantanin nan shi ne mai gadi. A jikinsa akwai ƙananan ƙofofi, kowace da abin da take bari ya wuce: wannan ta sukari, waccan ta gishiri, wata kuma ta fitar da shara. A nan ne ma bakteriya take samar da ƙarfin da take aiki da shi. Bakteriya ba ta da baki balle haƙori. In ta sami fata ko nama, wani sinadari take fitarwa waje ya narkar da shi, sa'an nan ta tsotse romon ta waɗannan ƙofofi. Narkewar nan ita ce ruɓa. Gindin gashi take fara ci, shi ya sa gashin yake zubewa.

Yanzu mun zo kan gishiri. Yanka gurji ko tumatir ka barbaɗa masa gishiri ka ajiye. Jim kaɗan za ka ga ruwa ya tsatso. Ruwa yakan ratsa tantani ya tafi gefen da gishiri ya fi yawa. Haka gishiri yake yi wa fata, haka kuma yake yi wa bakteriyar da ke kanta: ya zuƙe mata ruwa, ta yamutse a cikin bangonta, aiki ya tsaya. Wannan ne ya sa ƙilishi da bandar kifi suke daɗewa, su ma an raba su da ruwa ne.

Amma a lura, gishiri ya fi kwantar da su bisa ga kashe su. In fata ta sake jiƙewa, aiki ya dawo. Don haka ake wanke jini, a kankare kitse da nama, a baza fatar, a sa gishiri ko'ina har bakin-baki, tun ba ta yi awoyi ba. Ƙwauron gishiri asara ce. Wanda ba shi da gishiri kuma zai shanya, gara ya ɗaure ta a jikin itace a inuwa inda iska ke ratsawa ta kowane gefe. Wadda aka baza a ƙasa cikin tsananin rana, bayanta yakan bushe ya ƙandare, cikinta kuwa da sauran laima, ruɓa tana ci a ɓoye. Ba za a gane ba sai an jiƙa ta a kamfani ta fito da huji-huji. Wani lokaci kuma akan ga jan tabo a fatar da aka sa wa gishiri. Wannan aikin waɗansu ƙananan halittu ne masu son gishiri, shi ya sa ba a son a share tsohon gishiri daga wata fata a mai da shi kan sabuwa.

Cikin ɗakin

In aka wuce mai gadi sai a tarar da wani ruwa mai kauri kamar kunu. A cikinsa akwai dubban ƙananan injina da ake kira ribosom. Aikinsu ƙera furotin, watau kayan da bakteriya take gini da su da waɗanda take narka abinci da su. Zafin tafasa yana lalata waɗannan kaya kamar yadda farin ƙwai yake daskarewa a tukunya, ba ya kuma komawa yadda yake. Dalilin tafasa ruwan sha ke nan. Magani irin su tetarasaikilin, kafson nan mai ja da rawaya, injinan nan yake tsayarwa. Namu injinan ƙirarsu dabam ce, shi ya sa bai cika taɓa su ba.

A tsakiya kuma akwai wani zare guda mai tsawon gaske, a cukurkuɗe, bakinsa biyu a haɗe kamar zobe. Shi ake kira DNA. A jikinsa aka rubuta duk umarnin yadda za a gina bakteriyar da yadda za ta rayu. Da za a miƙe shi, ya ninka tsawon jikinta sau ɗaruruwa. A jikin mutum da dabba da tsiro, wannan zare yana da ɗakinsa na musamman a cikin kowace ƙwaya, kamar ofishin manaja. Bakteriya ba ta da ofis, takardunta a tsakar gida suke. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta ta da mu.

Ban da babban zaren, akwai waɗansu ƙananan zobba da ake kira filasmid. A kansu ne sau da yawa ake samun dabarar kauce wa magani, kamar yadda za a sare fenisilin kafin ya kai ga bango, ko yadda za a tunkuɗo magani waje. Abin tsoro shi ne, bakteriya tana iya miƙa wa maƙwabciyarta kwafin wannan zobe, ko da ba iri ɗaya suke ba. Wanda ya sayi kafso biyu a tire a tasha ya haɗiye, ya kashe masu rauni ne ya bar wa masu taurin kai fili. Haka mai zuba wa kaji da shanu magani ba da umarnin malamin dabbobi ba. Mura da ƙyanda kuwa ba bakteriya ke kawo su ba. Wata halitta ce dabam da ake kira bairos, ba ta da bango ba ta da injina, saboda haka kafso ba shi da abin da zai kama a jikinta. Zazzaɓin cizon sauro ma ba bakteriya ba ne, maganinsa dabam.

Riga da wutsiya

Ba kowace bakteriya ke da waɗannan ba. Wasu suna sanye da riga mai yauƙi kamar miyar kuɓewa a bayan bangonsu. Sojojin jini suna kama baƙo su haɗiye, amma mai wannan riga sulɓewa take yi. Ƙwayar sanƙarau tana da ita. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna a Kano da sauran jihohin Arewa, dubban mutane suka rasu, yawanci yara. Allurar rigakafin sanƙarau da wannan riga ake yin ta. Ana nuna wa jiki rigar ba tare da mai rigar ba, don ya shaida ta in ta zo. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da wata sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na wannan ƙwaya.

Wasu kuma suna da wutsiya. Ba kaɗa ta suke yi kamar kifi ba, juyawa take yi kamar farfela. Ƙwayar kwalara, mai siffar lauje, wutsiya ɗaya gare ta, da ita take iyo har ta kai bangon hanji, ta manne da waɗansu 'yan gasu da ke jikinta, ta saki dafin da ke sa amai da gudawa. A 2021 an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Santsin nan da kake ji a cikin randa ko jarka in ta daɗe ba a wanke ba, taron bakteriya ne da suka manne suka lulluɓe kansu da yauƙi. Ɗauraya ba ta fitar da shi, sai an sa soso da sabulu an dirje.

Wadda ke kwana kamar gaiwa

Masunta sun san gaiwa. In tafki ya ƙafe sai ta shige cikin laka, ta lulluɓe kanta, ta kwanta har ruwa ya dawo. Akwai bakteriya masu irin wannan dabara. In abinci ya ƙare, sai ta tattara zarenta da 'yan injina kaɗan, ta matse ruwan jikinta, ta kewaye su da ɓawo mai tauri hawa-hawa. Masana suna kiran wannan ƙullin sifo. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya girma. Gishiri ba ya yi masa komai, domin ba shi da ruwan da za a zuƙe. Rana ba ta kashe shi, tafasa ta ɗan lokaci ma ba ta isa ba. Shi ya sa a asibiti ake dafa kayan tiyata a tukunya mai matsi wadda zafinta ya kai digiri 121, alhali tafasar ruwa a digiri 100 take tsayawa.

Wadda ta fi shafar masu harkar fata a cikin irin waɗannan ita ce ƙwayar ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antaraks. Ita ce ƙwaya ta farko da aka tabbatar tana jawo cuta, aikin da wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya yi a 1876. A 1881 Louis Pasteur ya gwada allurar rigakafinta a kan tumaki a Faransa. A Ingila, a garin Bradford mai masaƙu, cutar ta daɗe tana kashe ma'aikata masu tsince gashin tumaki da na awaki da aka kawo daga ƙasashen waje. Don a ga tsawon ranta: a 1942 sojojin Ingila sun gwada ta a wani tsibiri mai suna Gruinard, ba a ce mutane su iya shiga wurin ba sai a 1990, bayan an yi masa feshi mai yawa.

Ba labarin nesa ba ne. A watan Yuni na 2023 Gwamnatin Tarayya ta gargaɗi jama'a game da cin ganda saboda cutar ta ɓulla a arewacin Gana. A watan Yuli kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato ta tabbatar da ita a wata gona kusa da Suleja a Jihar Neja. Ita wannan cibiya tana yin allurar rigakafin cutar don dabbobi.

Alamarta ita ce dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, ta kumbura da wuri, baƙin jini wanda ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura. Muddin ba a buɗe gawar ba, yawancin ƙwayoyin a ciki suke mutuwa. Da an sa wuƙa iska ta taɓa jinin, sai su koma sifo, su zauna a fatar, da ƙasar wurin, da ciyawar da za ta tsiro. Mun san zafin asarar saniya, mun kuma san mai cewa ko fatar ce a tsira da ita. To, fatar nan za ta bi hannun mahauci, da dillali, da ɗan dako, da lebura a Sharaɗa ko majemi a Ƙofar Wambai, ko ta ƙare a tukunyar mai ganda. Kuɗinta bai kai wannan ba. A kira malamin dabbobi, a ƙone gawar ko a binne ta a rami mai zurfin mita biyu. Mai aikin fata kuma da ya ga ƙurji a hannu ko wuya ko fuska, wanda ya kumbura ya yi baƙin ɓawo a tsakiya amma ba ya zafi, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗi sana'arsa. In an tare shi da wuri yana warkewa.

Ruwan da ke fita daga kamfani

Jima tana cin ruwa da yawa, ruwan kuma dole ya fita. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, inda na unguwar masana'antu ta Challawa ma yake zuba. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. A bakin waɗannan ruwaye akwai masu lambu da ke noman latas da alayyafo da karas, akwai masunta da makiyaya.

Datti iri biyu ne a cikin wannan ruwa. Akwai gashi da kitse da nama, waɗanda abincin bakteriya ne. A wurin tace ruwa na zamani tara ruwan ake yi a manyan kwatamai, a riƙa hura masa iska, a bar bakteriya su cinye dattin. In ba a yi haka ba a kamfani, a kogi za su yi cin, su shanye iskar da kifi ke shaƙa, ruwan ya yi baƙi ya yi ɗoyi. Kashi na biyu shi ne magungunan jima. Majeman gargajiya da bagaruwa suke jima, kamfanoni kuwa yawanci da wani sinadari mai suna kuromiyam. Masu bincike daga jami'o'i sun sha auna ruwan waɗannan rafuka suna samunsa a ciki. Kuromiyam dangin ƙarfe ne, ba shi da rai. Bakteriya ba ta iya cinye shi ya ɓace, tafasa ma ba ta kashe shi, sai dai ruwan ya ƙone ya bar shi a tukunya. Saboda haka ruwan da ya biyo ta bayan kamfani ba na sha ba ne ko an tafasa, kuma raba shi da wannan guba haƙƙi ne a wuyan masu kamfani da hukuma, ba a wuyan mai lambu ba.

Ga aikin da za a yi a aji kafin fitowa ta gaba. A sami 'yan guntayen ɗanyar fata guda uku daga dabbar da aka yanka lafiyayya. A cuɗe ɗaya da gishiri sosai, a rataye ɗaya a inuwa mai iska, a ƙulle ta ukun a leda. Kowace safiya har kwana uku a duba, a ja gashin, a rubuta abin da aka gani, sa'an nan a wanke hannu da sabulu. Masu son lissafi kuma su ci gaba daga 512, su gano nawa bakteriyar nan guda ɗaya za ta zama bayan awa biyar.